Farin Kyandir a Gindin Randa

Tun da watan Kirsimeti ya kama, shagon da ke maƙwabtaka da rumfata a Kalgo ya koma kamar ɗakin amarya. Ni waina nake toyawa a bakin hanyar jami'a, don haka duk abin da ɗalibai suka saya sai ya biyo ta gabana. Shekaranjiya wata yarinya 'yar wajenmu, 'yar Zuru, ta ajiye jakarta a kan bencina ta fito da wani kyandir na roba. Ta danna gindinsa ya kama, har da ɗan harshen wuta na ƙarya yana rawa.

"Mama, kin gani? Ba ya ɗiga, ba ya ƙarewa, iska ba ta kashe shi."

Na ce, "To ke mene ne aikinki a ciki?"

Ta yi dariya, ta ɗauka tsufa ne ke damuna. Wataƙila shi ne. Na zuba mata wainarta ta tafi, ni kuwa na yi zugum har tanda ta ƙone mini zubi guda, ina tuna wani kyandir da na yi wata takwas ina renonsa, a shekarar da ruwan sama ya yi mana rowa a ƙasar Gwandu.

A lokacin muna zaune a Dalijan. Mijina, Malam Ishaya, malamin firamare ne, aiki ya kawo mu daga Zuru. Mu biyu ne kaɗai Kirista a garin, mu biyu ne kuma kaɗai a gidan, don Allah bai ba mu haihuwa mai zama ba. Mutanen gari ba su taɓa tsangwamarmu ba. Ticha suke ce masa, ni kuma matar Ticha, mai gari har gona ya ara mana. Amma zaman lafiya daban, samun wanda zai amsa maka waƙar coci daban. Ranar Lahadi mu tura ƙofa, shi ya yi karatu ni in amsa, shi ke nan an tashi coci.

Malam mutum ne mai son tsari har ya ba ka haushi. In saura mako huɗu Kirsimeti, sai ya ɗauko faifai, ya kewaye bakinsa da ganyen dogon yaro, tunda shi ne ke zama kore ko da rani, ya murza laka ya yi mazaunin kyandir biyar. Huɗu a gefe, ɗaya a tsakiya. Kowace Lahadi da faɗuwar rana a ƙara kunna ɗaya. Na farko na sa zuciya ne, na biyu na salama, na uku na farin ciki, na huɗu na ƙauna. Na tsakiyar, fari babba, ba a kai masa ashana sai ranar Kirsimeti, don shi ne ke tsaye a madadin Almasihu. Ya ce a bakin Fada, limamin cocinmu, ya ji asalin abin. Wai wani mai riƙon marayu ne a ƙasar Turawa yara suka ishe shi da tambayar yaushe Kirsimeti, sai ya kakkafa musu kyandirori a kan ƙafar amalanke, su riƙa ƙirgawa da idonsu. Can, in ji shi, tun la'asar rana ke faɗuwa a wannan watan, shi ya sa suka san darajar haske. Nakan ce, "Malam, mu da rana ke neman hallaka mu, me za mu yi da ƙarin wuta?" Shi kuma ya ce, "Rifkatu, ke dai riƙe mini faifan."

Ƙananan huɗun ba su da wuya, a kasuwar Gwandu ake samunsu, ya ɗaura wa kowanne zare mai launi. Babban ne aiki. Sau ɗaya a shekara muke zuwa coci a Birnin Kebbi, lokacin Ista, a nan Fada yake ba shi guda, mai kaurin rake. Ista kuwa a tsakiyar bazara take faɗowa, wanda kuma bai yi bazara a ƙasar Gwandu ba kada ya ce mini ya san zafi. Tabarma kanta ƙuna take yi. Shekararmu ta farko mun ajiye shi a kan taga, kafin kwana uku ya sunkuya ya yi ƙusumbi, haka muka kunna shi yana tsiyaya ta gefe ɗaya. Daga nan Malam ya samo dabara. A naɗe shi a tsumma, a zura a dogon gwangwani, a binne a cikin yashin da randa ke zaune a kai, don yashin nan kullum da sanyinsa. Duk Asabar a tono shi, a juya shi kada ya kwanta ta ɓangare guda, a duba ko lagwanin ya sha danshi, a duba ko ɓera ya yi masa ɓarna. Ni dai ina yi ina mita.

A waccan shekarar bazara ta ƙi tafiya. Hadari ya haɗu da yamma, ya yi baƙi, iska ta taso, mu fito da tukwane, sai ya watse ya bar mu da gumi. Mutanen gari suka fita roƙon ruwa, mu ma muka durƙusa a ɗaki muka yi namu. Da ruwan farko ya sauka, ƙanshin ƙasa ya cika gari, har tsofaffi sai da suka fito da sungumi. Muka shuka gero. Ya fito ya yi kunne biyu, sama ta ɗauke, ya ƙone a tsaye. Muka sake shuka da irin da ya rage a ƙasan tulu.

A tsakanin shuka ta biyu da noman farko ciwo ya kama Malam. Aka ɗora shi a amalanke zuwa asibiti a Gwandu. Kwana huɗu muka yi. A rana ta uku ya buɗe ido ya ce, "Yau Asabar ko? Wa zai juya shi?" Na ce, "Mutum yana fama da ransa yana zancen kyandir!" Ya yi murmushi ya rufe ido. Washegari ya cika. Aka binne shi a bayan garin Gwandu, a wani ɗan fili inda ake sa baƙi irinmu. Na dawo Dalijan ni kaɗai, abin da na fara yi kuma kafin in sha ruwa shi ne tona gindin randa.

Yayana ya zo daga Zuru ya ce in haɗa kayana. Na ce sai na cire amfanin gona. Ba gonar ce ta riƙe ni ba. Na ƙudura a raina cewa kyandirin nan da Malam ya ɗauko da hannunsa, ya mutu da shi a bakinsa, a ɗakin nan zan kunna shi ranar Kirsimeti, in ya so bayan nan duk inda aka ce in tafi sai in tafi. Ban gaya wa kowa ba.

Katanga ɗaya ta raba ni da wata tsohuwa, Inna Hajo. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta guda ya tafi ci-rani kudu shekara uku ba aike ba labari. Ita ce ta riƙa shigo mini da kunu a kwanakin makoki, ta zauna a bakin ƙofa, in na sha ta ɗauki ƙwaryarta. Wata Asabar ta tarar da ni ina goge kyandirin.

"Wanga abu na mi na, ɗiyata? Kullum ina ganin kina tono shi kina maidawa."

Na ce, "Na Malam ne, Inna. Ajiya ce."

Iyakar abin da na gaya mata ke nan. Na raina ta, gaskiyar magana. Na ce a raina tsohuwar da ke kiran Kirsimeti sallar Ticha, ina za ta gane faifai da ganyen dogon yaro?

Gero yana cikin bununi ruwa ya ɗauke, ɗaukewar da bai sake dawowa ba. Zangarniya ta fito ba ido, ka murza ta a tafin hannu ka hura, babu abin da zai saura. Gonar da muke cika rumbu da ita, abin da na samu a kaina na ɗauko shi, sahu biyu. Kaka ta zo ba a ji kiɗan sussuka a gari ba. Muka koma cin tafasa da rama, mu dafa mu matse mu barbaɗa ɗan ƙuli in an samu. Dusar da muke ba awaki muka riƙa tankaɗewa muna dama kunu. Yunwa ba ciwon ciki kaɗai ba ce. In ka miƙe tsaye sai gari ya juya, kunne ya riƙa ƙara, ga saurin fushi. Ni da ma can ba a rasa ni da shi ba.

Da sanyi ya shigo, Inna ta ce in zo mu haɗa hannu a ɗan fangalin albasarta a fadama, in an cire mu raba. Tun asuba muke fita. Ni in shiga ramin ruwa in ɗebo da ƙwarya, in miƙa mata, ita ta zuba. Ruwan nan da sassafe yanka yake yi kamar reza. In rana ta ɗaga, laka ta bushe a ƙafa ta ja fata. Kafin mako uku dugadugaina suka tsage, faso ya buɗe baki har kana ganin jan nama, in na taka sai in bar jini a hanya. Nakan ɗaure su da tsumma in koma washegari. Inna ta yi ta faɗa, ni kuwa na ce mata ƙafa ba ta kashe mutum.

Lahadin farko na yi faifaina yadda Malam ke yi. Na datse lagwani da reza, na kunna na sa zuciya, na yi karatu, na amsa wa kaina. Muryata ta yi mini wani iri a ɗakin. Ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba, ko ranar da aka binne shi, don ranar akwai mutane. Ana kiran sallar magariba, ina jin takun maza suna wucewa masallaci, kowa da abokin tafiyarsa. Na bar kyandirin ya ci kamar gaɓar yatsa na kashe, don ya kai ni mako huɗu. Lahadi ta biyu haka. Ta uku, ranar kyandirin farin ciki, ina kunnawa haƙorana suna kaɗawa, ban ma ƙarasa karatun ba na kwanta.

Masassara ce ta kwana biyu, ban san inda kaina yake ba. Inna ce ta yi jinyata. A hantsin rana ta uku na farka, jikina ya yi sanyi, hancina kuma ya ɗauko wani ƙamshi da na sani. Na ɗaga kai. Ƙafafuna a naɗe suke da tsumma mai tsabta, suna maiƙo. Gindin randa a tone. Inna tana tsugune a bakin murhu da kasko, tana tsiyaye wani abu fari-fari a cikin dogon gwangwanin nan. A ƙasa kusa da ƙafarta ga lagwani kwance, tsirara, kamar zaren da aka yar.

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san maganin faso. A kankare kyandir a narkar, a zuba man kaɗe da ɗigon kananzir, in ya daskare a riƙa cusawa a tsagar. Ni ma na sani. Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne wani zai dubi kyandirin Malam ya ga maganin faso.

"Ke tashi, ɗiyata? Sannu. Ƙahwahun ga naki jini suka yi ta zubarwa har bisa tabarma. Nac ce, to, ga ranar ajiya ta zo."

Na ce, "Inna, me kika yi?"

"Ba ke kic ce ajiya ta ba? Ajiya ai maganin wata rana ta. Ƙananan ban taɓa su ba, na ga kina aiki da su. Wanga ko ba a taɓa ko kunna shi ba. Da Ticha shina raye, da hannunai zai narka miki shi."

Saura kwana tara Kirsimeti. Wata takwas ina juya shi, na tsallake da shi bazara, na tsallake da shi ɓeraye a shekarar da ɓera ke cin sabulu. Zuciya ta ɗebe ni. Na ce wa ya aike ta. Na ce shisshigi ne da jahilci. Da na tsaya a nan da sauƙi, amma sai na ce, "Wannan halin naki ne ya sa ɗanki ya tafi ya ƙi dawowa."

Ta ajiye kaskon, ta rufe gwangwanin ta tura shi kusa da tabarmata, ta dafa gwiwa ta miƙe. A bakin ƙofa ta ce, "Allah shi ƙara sauƙi," ta fita. Magana zarar bunu ce, na kuwa san na zaro tun kafin labulen ya daina motsi, amma ban kira ta ba. Na ɗauki gwangwanin na yi jifa da shi bayan rumbu.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi tsawo a rayuwata. Ban je fadama ba, ita ma ba ta leƙo ba. Ina jin fitarta da asuba, ina jin tarinta, ina jin ƙarar turminta da yamma, bugu uku ta huta, don abin dakan ba yawa ƙarfin ma babu. An yi hutun makaranta, abokin aikin Malam ya tafi garinsu, batirin rediyo ya mutu tun kaka. Sai in wuni ban furta kalma ba. Duk da haka kowace safiya sai in tarar da 'yar ƙwaryar kunu a kan katanga, an rufe da faifai. Ina sha, don yunwa ba ta san fushi ba, in mayar da ƙwaryar in ajiye ba godiya.

Ƙafa kuwa ta hana ni sakat. A rana ta biyu na rarrafa bayan rumbu na ɗauko gwangwanin, ina waige-waige kamar ɓarauniya. Na lakato na cusa a tsagar ina kuka, ina zagin Inna, ina zagin kaina, har Malam sai da ya samu rabonsa, da ya tafi ya bar ni da aikin da ya fi ƙarfina. Safe da yamma nake shafawa. Abin haushi, maganin ya yi aiki. Jinin ya tsaya, bakin tsagar ya yi laushi ya fara haɗewa. Lahadi ta huɗu na kunna huɗun duka, na zauna ina kallon mazaunin tsakiya, laka ce kawai da rami.

Ranar Kirsimeti na tashi babu abin kunnawa, babu abin dafawa, babu wanda zan ce wa barka. Ɗakin ya yi mini ƙunci. Na ɗaura zanen da na fi so, na sa takalmi, abin da na yi wata guda ban iya ba, na kama hanyar Gwandu. Tun ranar da aka binne Malam ban koma wurinsa ba. Da fari nauyin zuciya ne, daga baya yunwa, daga baya ƙafa. Na bi ta cikin gonaki, karan gero a tsaye ba wanda ya damu ya sare. Masu jakuna suka wuce ni, muka gaisa. Sanyi ya sake ni, rana ta hau, na yi ta tafiya ina jiran inda ƙafar za ta ce ta gaji, ba ta ce ba.

Da ƙyar na gane kabarin. Gara ta cinye gicciyen itacen da aka kafa, ciyawa ta bushe a kai. Na cire ciyawar, na jera duwatsu, na zauna. Na ce, "Malam, ban kunna ba." Na ba shi labari tun daga farko, har abin da na gaya wa Inna ban ɓoye ba. Na yi masa waƙar Kirsimeti guda ɗaya. Da na cire takalmi don in kakkaɓe yashi, sai na tsaya ina duban dugadugaina. Tun daga Dalijan, ko ɗigon jini babu. Na daɗe a zaune a wurin, sannan na tashi don kada dare ya yi mini a hanya.

Rana tana gab da faɗuwa na shigo gari. Ƙofar Inna a buɗe take. Tana zaune a kan ɗan turmi da buta tana alwala, ta juya mini baya, ta ɗaga ƙafa tana wankewa. A nan na ga dugaduganta. Nawa wasa ne. Tsagar ta hau har gefen ƙafa, baƙa, ruwan alwalar yana sauka da ja. Kwana tara ita kaɗai ke shiga ramin tana fitowa tana zubawa. Ita ta narka maganin nan da hannunta, ta cika gwangwani, ko lakata ɗaya ba ta ɗiba wa kanta ba.

Mako biyu bayan wannan yayana ya zo ya tafi da ni, ban ko tsaya cire albasa ba. Ban sake ganin Inna Hajo ba. Rasuwarta ma a bakin masu kawo albasa na ji ta, a nan Kalgo, bayan shekaru. Maganar da na yi mata a kan ɗanta ban taɓa janye ta ba, na rasa ta inda zan ɗauko, tana kuma ci na har yau. Abin da na iya yi a yammacin nan kaɗan ne. Na jira ta idar da salla, na shiga da gwangwanin, na durƙusa a bakin tabarmarta, na jawo ƙafarta ɗaya na ɗora a cinyata. Ta yi ƙoƙarin janyewa.

"Bari, ɗiyata, ki rage ma kanki. Na Ticha na."

Na ce, "Daga wurinsa nake, Inna. Shi ya ce in shafa miki."

Ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Tsohuwa ce mai salla, ta fi ni sanin cewa wanda ya mutu ba ya aike. Na ci gaba da cusa maganin a tsagar, kaina a ƙasa. Da na gama, sai ta miƙo mini ɗaya ƙafar.